In Inji Ya Mutu, Ku Tambaye Shi Kafin Ku Kwance Shi

'Ya'yana masu koyon aikin mota, da ku da aka yaye kwanan nan kuka kafa taku rumfar, ina so mu zauna a kan wata matsala da ta sha kunyata manyan makanikai. Mota tana tafiya lafiya lau, sai inji ya mutu. A jira ɗan lokaci, a murɗa makulli, ya tashi sumul. Mai ita ya kawo ta gareji, ta wuni tana silo a gabanku ba ko tari. Zan yi muku bayanin ne da wata mota da ba kasafai ake ganinta a titunanmu ba, wato mota mai ɗaki, irin wadda Amurkawa ke yawon ƙasa da ita, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Waɗanda neman abinci ya kai Amurka a cikinku za su ci karo da ita. Na gida ma ba za su yi asarar sauraro ba, domin duk wata cuta da ke kama tsohon inji mai injakta ta taru a jikin wannan motar, kuma wanda ya iya bin diddiginta a nan ba zai ruɗe a gaban tsohuwar Golf ko Hiace ba.

Ku fara sanin abin da ke gabanku. Kamfanoni irin su Winnebago, wanda aka kafa a garin Forest City a jihar Iowa kuma ya fitar da motarsa mai ɗaki ta farko a 1966, ɗakin kawai suke ginawa. Ƙashin motar da injinta daga kamfanoni irin su Ford ko Chevrolet suke zuwa. A motocin ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, galibi ɗayan inji biyu za ku tarar. Akwai Ford 460, mai lita 7.5, wanda ya bar kafireto ya koma injakta a 1988. Akwai kuma Chevrolet 454, mai lita 7.4, wanda injaktocinsa biyu ne kacal suna zaune a saman maƙogwaron iska, inda kafireto ke zama a da. Duka biyun silinda takwas ne, kuma suna jan nauyin da ya kai tan shida ko bakwai.

Kada mitar tafiya ta yaudare ku. Za ku ga motar da ta haura shekara talatin amma tafiyar da ta yi ba ta kai ta tasi mai shekara uku ba, sai ku ce ai sabuwa ce. Zama ne ya ci ta. Masu ita sukan fita da ita 'yan makonni a lokacin zafi, sauran watannin tana ajiye a bayan gida. Cikin wannan zama fetur yana tsufa ya zama danƙo, tanki yana tsatsa, roba tana bushewa ta tsage, ɓeraye su shiga su gaigaye waya. Fetur ɗin Amurka kuma mafi yawansa akwai giyar etanol kashi goma cikin ɗari a ciki, ita kuwa tana jawo danshin iska, in zaman ya daɗe ruwa ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa.

Aikin farko ba da sufana ake yinsa ba. Ku ba mai motar kujera, ku tambaye shi, ku yi haƙuri da amsarsa ko da ya yi ta zagaye. Yaushe take mutuwa? Da sanyin safiya ne ko sai ta yi nisa ta ɗau zafi? A danja ne in ya ɗaga ƙafa daga totur, ko a hawan tudu yana taka ta? Kafin ta mutu tana shiƙa tana jijjiga, ko kuwa ɗif take yi tamkar an kashe makulli? In ta mutu, nan take take tashi ko sai an jira minti ashirin? Mai nawa ne a tanki a lokacin? Wace rana aka sha mata mai na ƙarshe, kuma wa ya taɓa ta kafin ku? Na ga samari da yawa suna jin nauyin yin waɗannan tambayoyi, wai kada a ce ba su iya aiki ba. Ni kuwa makanikin da ya ɗaga bonet kafin ya buɗe baki shi ne nake jin tsoronsa. Rabin amsar tana bakin mai motar, shi dai bai san ya riƙe ta ba.

Ga yadda amsoshin ke raba hanya. Injin da ya yi rauni, ya shiƙa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa har ya mutu, musamman a tudu, mai ne ya gaza masa. Wanda ya ɗauke farat ɗaya yana cikin gudu, wuta ce ta yanke. Wanda kuma ke gudu lafiya amma da zarar an tsaya ya kasa riƙe silo, ku nemi laifin a wajen iska. Ban ce wannan doka ce da ba ta karyewa ba, amma ta ishe ku sanin ƙofar da za ku fara ƙwanƙwasawa.

Kafin ku taɓa layin mai, akwai abin da ba na so ku manta ko sau ɗaya. Wannan motar gida ce, tana ɗauke da tukunyar gas, kuma firjin da ke cikinta da ɗan harshen wuta yake aiki. Haka na'urar ɗumama ruwa. Ku rufe gas daga tukunya, ku tabbata kowace wuta ta mutu, ku buɗe ƙofa da tagogi, domin a irin waɗannan motoci murfin inji yana ciki ne, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba, tururin fetur kuma cikin ɗakin zai taru. Abin kashe gobara ya kasance kusa da hannu. Gado da labule da katako ne kewaye da ku.

To, mu ɗauki mai. Ku murɗa makulli ba tare da kun tayar ba, ɗaya daga cikinku ya kwanta kusa da tanki ya kasa kunne. Famfo zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi shiru. In bai yi ba, ku duba fiyus da rile, a Ford kuma ku nemi wani ɗan makunni da aka sa don ya yanke famfo in an yi karo, domin wani lokaci faɗawa rami ma takan tayar da shi. Amma jin gurnani ba shaida ce ta lafiya ba. Famfon da ya gaji yana gurnani. Sai an sa mitar matsin mai. Injin Ford yana son matsi tsakanin 30 zuwa 45 a ma'aunin psi, kuma akwai ɗan bawul irin na taya a kan bututun injakta inda za ku ɗaura mitar. Chevrolet na farko-farko mai injakta biyu 9 zuwa 13 kawai yake nema, ba shi da wannan bawul, sai kun tsaga layi wajen filta kun sa mahaɗi. Kun ga ke nan lambar da ke nufin lafiya a wannan, mutuwa ce a wancan. Shi ya sa nake cewa ku riƙa neman littafin injin, ku bar dogaro da abin da kuka haddace a wata motar.

Sai dai mita a gareji takan yi ƙarya, domin inji mai silo ɗan mai kaɗan yake sha. Ku ƙara wa mitar tsawon tiyo, ku fito da ita, ku manna ta a gilashin gaba ta waje inda ido zai kai, ku hau titi. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya idonsa a kan allura. Ku nemi tudu. In allurar ta fara sunkuyawa sannu a hankali yayin da ake taka totur, inji ya fara shiƙa a bayanta, kun kama ɓarawon da hannu. Saura ku gane ko wane ne. Filta ce mafi araha, ita za ku fara cirewa, ku zazzage ta a farin kwano ku ga abin da zai fito. In ja ne, tanki ya yi tsatsa. A bakin famfo cikin tanki akwai wata 'yar jakar raga. Tsatsa takan taru a jikinta kamar yadda tsaki ke toshe idon rariya ana cikin tankaɗe, in an daina zuƙa ta zube ƙasa, hanya ta buɗe. Dalilin ke nan da motar ke tashi bayan ta huta, ta yi tafiyar rabin awa ta sake mutuwa. Wanda ya sa sabon famfo a wannan tankin bai wanke shi ba, ya saya wa mai motar wata biyu ne kawai.

Akwai wasu ƙananan abubuwa a wannan layin da ake yawan tsallakewa. Da zarar ta mutu, ku je ku buɗe murfin tanki. In kuka ji ya ja iska da ƙarfi, fuuu, hanyar numfashin tankin ce ta toshe, famfo yana kokawa da tankin da ya shaƙe. A Ford ku zare ɗan siririn tiyon da ke kan mai daidaita matsi ku shinshina. In da fetur a ciki, fatarsa ta huje, inji yana shan mai ta bayan gida har ya ƙware. Wasu motocin Ford na ƙarshen shekarun 1980 famfo biyu gare su, ƙarami a tanki da babba a jikin ƙashin mota, ƙaramin yakan mutu a ɓoye babban ya yi ta wahala shi kaɗai. Kuma ku bi wayar famfon da mita. Motar doguwa ce, wutar da ta bar batir da ƙarfinta takan iso bayan mota a gajiye saboda tsatsar mahaɗi, famfo lafiyayye ya koma kamar mai ciwo. Sauke tanki mai cin galan 75, kusan lita 280, ba wasa ba ne. Kada ku sauke shi sai mita ta ce ku sauke.

Yanzu wuta, kuma a nan nake so ku fi natsuwa, domin a nan ne aka fi zubar da kuɗin mutane. Alamarta sananniya ce: mota ta yi zafi, ta ɗauke ɗif, kik yana juyawa da ƙarfi amma inji ya ƙi kamawa, bayan ta huce ta tashi. Duk gwajin da za ku yi bayan ta huce aikin banza ne, komai zai nuna lafiya. Mintunan nan da take a mace su ne dukiyarku. Kayan gwaji su kasance a kujera tun kafin ku fita. Tana mutuwa, ku faka, ku zare wayar fulogi ɗaya ku sa abin gwada tartsatsi, a buga kik. In ba tartsatsi, kun san ɓangaren. A Chevrolet abin ya fi sauƙi, domin in kun cire murfin filtar iska za ku ga injaktocin biyu da idonku. Lafiyayyu suna fesa mai siriri a baje, kamar lema. In ba feshi kuma ba tartsatsi a lokaci guda, kada ku zargi famfo. Saƙon da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa ne ya yanke, ita kuwa in ba ta ji wannan saƙon ba ba ta sakin mai.

Saƙon daga cikin distiributa yake fitowa. Ford ta daɗe tana liƙa wani ɗan akwatin wuta mai suna TFI a jikin distiributa, inda zafin inji ke gasa shi, har maganar ta kai kotu a Kalifoniya, alƙali ya ba da umarni a 2000 a janye motoci a gyara. A motocin baya an ɗauke shi daga nan an mayar da shi gefe a kan faranti mai shan iska. To ku ƙiyasta halin da yake ciki a mota mai ɗaki, inda aka cusa babban inji a ƙarƙashin murfi, iska ba ta ratsawa sosai, ga nauyi ana ja a tudu. Chevrolet ma tana da nata akwatin a cikin distiributa, zafi kuma yana kashe shi haka nan. In za ku gwada a gareji, ku bar inji yana silo ku hura wa akwatin iska mai zafi a hankali. In ya mutu, ku sanyaya shi ku ga ko zai tashi. Ku lura, a can cikin distiributar akwai sensar da ke ƙirga juyi, ita ma zafi yana taɓa ta, alamarsu kuma iri ɗaya ce, don haka ku duba duka biyun. In kun zo ɗaura sabon akwati, akwai wani farin man shafawa da ake sa wa bayansa don ya miƙa zafi ga ƙarfe. Yara da yawa suna jefar da 'yar ledar man nan. Akwatin da aka ɗaura a bushe ba ya daɗewa.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi. Inji yana silo, ku bi wayoyi da hannu kuna girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ku taɓa kowane soket, ku ɗan ƙwanƙwasa rile da gindin sukundireba. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ne. Ku kwance wayoyin da ke haɗa batir da jikin mota da inji, ku kankare su har ƙarfe ya yi fari. Masu gina ɗakin sun ƙara wayoyi masu yawa a kan na asali, masu motar da suka gabata kowa ya ƙara nasa, wani haɗin ma murɗawa kawai aka yi aka naɗe da salatif. Ku ja rewaya a jiki a irin wannan aiki, ba ƙasƙanci ba ne.

Maganar iska ba ta da tsawo. In an ɗaga ƙafa daga totur, maƙogwaro yana rufewa, sai wani ɗan bawul na silo ya buɗe wata 'yar hanya ta gefe. Baƙin datti yana toshe shi da shekaru. Ku cire ku wanke shi da maƙogwaron gaba ɗaya, sau da yawa shi ke nan. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, in gawayi ya hana shi rufewa, inji zai shaƙe a danja alhali a kan titi ba ka jin komai. Sai ƙananan tiyo na iska da suka bushe suka tsage, ku bi su da kunne za ku ji suna shewa. Ita kuma sensar zafin ruwa, ku sani guda biyu ce: ɗaya tana motsa allurar da direba ke gani, ɗaya tana magana da kwamfuta. Allura na iya nuna daidai alhali ta biyun tana gaya wa kwamfuta cewa inji a sanyaye yake, ita kuma ta yi ta ambaliyar mai. A Chevrolet, wannan sensar tana nuna kusan om 3,500 a zafin digiri 20, ta sauko ƙasa da 200 in ruwa ya kai digiri 100. Mita ta hannu ta isa ta gaya muku gaskiyarta.

Na san wasunku tun ɗazu suna cewa a ransu, Baba, me ya hana a sa kwamfuta a huta? Soket ɗin da na'urarku ta sani, wanda ake kira OBD-II, a 1996 ya zama dole a ƙananan motocin Amurka, manyan motoci masu nauyi kuma da yawa sun ci gaba da tsohon tsari bayan nan. Amma tsohuwar kwamfutar ma tana magana, da ƙiftawa. A Chevrolet akwai soket ƙarƙashin sitiyari. Ku lanƙwasa guntun waya ku haɗa ramin A da na B, ku murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ku zuba wa fitilar gargaɗin inji ido. Za ta ƙifta sau ɗaya, ta dakata, ta ƙifta sau biyu. Sha biyu ke nan, gaisuwarta ce, za ta maimaita sau uku. Bayan nan sai lambobin ciwo: 14 ko 15 sensar zafin ruwa, 32 EGR, 33 ko 34 sensar matsin iska, 42 layin wuta, 44 mai ya yi kaɗan, 45 ya yi yawa. Ku riƙe biro da takarda, kada ku amince wa ƙwaƙwalwa. Ford ma tana da irin wannan hanya da nata lambobin, inda 11 ko 111 ke nufin ba ta ga laifi ba. Kuma kada ku cire kan batir kafin ku karanta, domin cirewar tana goge abin da ta adana.

Sai dai ku fahimci iyakar lamba. In ta ce 33, ba ta ce ku sayi sensa ba, cewa ta yi saƙon da ke zuwa ta wannan layin bai yi mata daidai ba. Tsagaggen tiyo ma yana kawo haka, haka wayar da ɓera ya ci. Famfon da ya gaji kuwa sau da yawa ba ya barin lamba ko ɗaya, domin wannan kwamfutar ba ta auna matsin mai. Ita kanta kwamfutar, wadda muke kira birenbos, ku bar ta a ƙarshen layi. Tana lalacewa, ba na musu. A tsofaffin na Ford akwai ƙananan kafasito da ke yoyo su ci allon, in kun buɗe za ku ga tabon da idonku. Amma ta fi kowane sashe shan zargin da ba nata ba.

Abin da ya fi damuna, 'ya'yana, shi ne ɗabi'ar canje-canje. A canza fulogi, bai yi ba. A canza kwayil, a canza famfo, a canza sensa uku, kowanne da kuɗin mai mota. A Amurka shagon kaya yana kusa, a gida kuma Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba abin da babu, sauƙin samun kayan shi ke jawo mutum. Kuɗin nan amana ce a hannunku. Mai irin wannan tsohuwar motar galibi dattijo ne da ya yi ritaya, ko mai ƙaramin ƙarfi da motar ce ɗakin kwanansa. Ban da haka, duk sabon abin da kuka ɗaura ba tare da hujja ba kun ƙara wa kanku wanda za ku zarga, domin sabon kaya ma yana zuwa da aibi, wani tsohon na asali ya fi shi nagarta. Ku canza abu ɗaya, ku gwada, ku rubuta. Abin da kuka cire ku ajiye wa mai shi a leda.

Wata rana za ku yi duk wannan motar ta ƙi mutuwa a hannunku. Ku gaya wa mai ita gaskiya: ga abin da muka auna, ga wanda muka wanke, ga wanda muke zargi amma ba mu kama shi ba. Ku ba shi takarda ya riƙa rubuta lokaci da zafi da yawan mai duk sanda ta yi masa. Kuma ku zaunar da shi ku faɗa masa abin da zai yi in ta ɗauke a kan titi, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci birkinsu daga famfon sitiyari yake samun ƙarfi. Inji na mutuwa sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu masu ƙarfi suka rage masa. Kada ya yi ta famfa birki yana ƙarar da su. Ya kunna fitilun haɗari, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya taka birki sau ɗaya ya danne, ya gangara gefe. In ya tsaya, kafin ya sake buga kik, ya murɗa makulli ya saurari famfo, ya buɗe murfin tanki ya ji ko zai ja iska, sannan ya kira ku tun tana da zafi.